Yadda na auna tashin laka a Tafkin Balaton

Ranar da na gane ainihin aikin da aka ba ni, ina tsaye ne a kan dakalin katakon da ake ɗaure jiragen ruwa a Keszthely, garin da ke ƙarshen yammacin Tafkin Balaton a ƙasar Hangari. Kwana biyu kafin nan na zo wurin, ruwan kore-kore ne mai ɗan haske, har ina hango duwatsun da ke gindin dakalin. Da safen nan kuwa ya koma kamar an dama farau-farau. Ba a yi ruwan sama ba, kogi bai kawo ba, ba wanda ya zubar da komai a ciki. Iska ce kawai ta kwana tana kaɗawa daga arewa. Na zura farin faifan da muke auna hasken ruwa da shi, wanda ake kira faifan Secchi da sunan malamin cocin nan na Italiya da ya gwada shi a 1865, bai kai kamu guda ba ya ɓace mini.

Ruwa ba ya tsami banza. Lakar da ta rina tafkin tasa ce, a ƙasansa take kwance, iska ta tashe ta. Abin da malamina ya ɗora mini don digirina na biyu shi ne in auna wannan tashin: laka nawa ke tashi, a wace irin iska, kuma kwana nawa take yi kafin ta koma. Duk wanda ya taso a gidan da ake ɗebo ruwan kogi da damina ya san a zuba a randa a bar shi ya kwana, da safe a tsiyaye na sama a bar gwiɓar a ƙasa. Da wannan sanin na shiga aikin, ina ganin tafki babbar randa ce kawai. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba na yi a bakin ruwan nan, kuma kusan duk wahalar da na sha ta fito ne daga abu ɗaya: wannan randar ba a barin ta ta kwana.

Balaton shi ne tafki mafi girma a tsakiyar Turai. Tsawonsa kilomita 77, faɗin fuskarsa kusan murabba'in kilomita 600, amma zurfinsa a matsakaici mita 3 ne da 'yar ɗoriya. Mutum biyu su hau kafaɗar juna, sun kusa taɓa sama. Wuri ɗaya ne mai zurfin kirki, mashigin Tihany, inda ya zarce mita 10. Kogin Zala, mafi girma cikin kogunan da ke kawo masa ruwa, yana shigowa ta yamma, ruwan kuma ya fita ta magudanar Sió a garin Siófok ya nufi Kogin Danub. Faffaɗan faranti ne, kuma iskar da ta fi yawa tana gangarowa daga tsaunukan Bakony da ke arewa ta share fuskarsa.

Akwai ɗan lissafin da malamina ya sa na yi a takarda tun kafin in taɓa ruwa, har yanzu ina jin daɗinsa. Igiyar ruwa ba a sama kaɗai take motsi ba, tana juya ruwan da ke ƙarƙashinta, kuma juyin yana kaiwa zurfin da ya kai rabin tazarar da ke tsakanin kan igiya da kan ta bayanta. Ana samun tazarar a mita idan aka ɗauki daƙiƙoƙin da ke tsakanin igiya biyu, aka ninka su da kansu, aka sake ninkawa da 1.56. To a ce daƙiƙa 2 ne. Tazara ta zama mita 6 da kaɗan, rabinta mita 3 da kaɗan. Daidai zurfin Balaton ke nan. Ma'ana, igiyar da ko yaro ba za ta firgita ba ta isa ta miƙa hannu ta taɓa ƙasan tafkin. Tun a 1990 wasu masana uku, Luettich da Harleman da Somlyódy, suka nuna a wannan tafkin cewa igiyoyin da iska ke tayarwa su ne ke tsinke laka daga ƙasa, sun fi gudun ruwa tasiri nesa ba kusa ba.

Me ya sa za a damu da laka? Na farko, haske. Ruwan da ya dame ba ya barin rana ta kai ƙasa, tsirran ƙarƙashin ruwa ba sa samun tsayawa, kuma rashinsu na ƙara sakin lakar. Na biyu shi ne ya fi ɗaga wa mutanen ƙasar hankali. Daga shekarun 1960 takin zamani da ƙazantar garuruwa suka riƙa kwarara cikin tafkin ɗauke da sinadarin fosfaros, abincin gansakuka. A 1982 da 1994 gansakuka ta mamaye ruwan. Gwamnati ta kashe kuɗi sosai, aka gyara tace ruwan masai, aka farfaɗo da fadamar Kis-Balaton a bakin Zala, wadda kashinta na farko ya fara aiki a 1985, don ta tare dattin kafin ya shigo. Abin da ke shigowa ya ragu, amma wanda ya riga ya shiga yana nan a ajiye cikin laka. Kowane tashi da lakar za ta yi, ana son sanin ko sakin fosfaros take yi ko kama shi.

Kayan aikina na farko ba su da wani kwarjini. Tarkon laka ake ce musu: bututun roba irin na masu aikin famfo, a toshe gindinsa, a bar bakinsa a buɗe yana kallon sama, duk abin da ya sauko ya faɗa ciki. Sirrin yana cikin tsawonsa. Idan bututun gajere ne, ruwan da ke wucewa ta bakinsa zai yi guguwa a ciki ya kwashe abin da ya riga ya kwanta. Masana sun tsayar tun wajen 1980 cewa tsawo ya ninka faɗin baki aƙalla sau 5 a ruwa mai natsuwa, sau 10 a ruwa mai motsi. Na yanka nawa faɗi santimita 5, tsawo santimita 50, na ɗaure uku-uku a jikin firam ɗin ƙarfe. Uku, domin idan ɗaya ya saɓa wa 'yan'uwansa ka san akwai matsala. Da ɗaya ne tal, ƙarya da gaskiya duk kamarsu ɗaya. Bakin kowane bututu bai cika murabba'in santimita 20 ba, sai an ninka abin da ya kama wajen sau 510 kafin a sami na murabba'in mita guda. Kuskuren giram ɗaya a bututu ya zama rabin kilo a takarda. Wannan lamba ta 510 ita ta koya mini taka-tsantsan fiye da duk faɗan da aka yi mini.

Mai tuƙa mana jirgi wani dattijo ne da ya yi shekaru yana fita da masu bincike. Ɗalibai 'yan ƙasar suna ce masa "bachi", kamar a ce kawu, ni kuma Baba nake ce masa, ya kuma saba har yana amsawa. Turancinsa kaɗan ne, Hangariyancina bai kai nasa Turancin ba, amma a kan ruwa mun fahimci juna. Fitarmu ta farko, ina isa wurin da na zaɓa na ɗauki dunƙulen kankaren da zai riƙe tarkon na saki. Ya nutse da ƙarfi, tarkon ya bi shi. Baba bai ce komai ba, ya nuna mini ruwan da yatsa. Wani farin gajimare ne ke tasowa daga ƙasa yana buɗewa a hankali, daidai kan bakunan bututuna. Ni da kaina na tayar da lakar da na zo aunawa, tun ba a yi minti ɗaya ba. Muka jawo, muka wanke, muka matsa gaba.

Daga ranar ga yadda muke yi. A cika bututan da tataccen ruwan tafkin, a rufe bakunansu da murfi mai ɗaure da zare. A sauke nauyin da hannu, kamu bayan kamu, har a ji ya zauna. Wata ƙaramar gora tana ƙarƙashin ruwa tana jan igiyar sama don tarkon ya tsaya cak. Gorar da ake gani a sama kuwa da wata igiya daban ake ɗaure ta, can gefe, don kada igiyar ruwa ta riƙa fizgar tarkon tana girgiza shi. Sai a kashe inji a jira kamar rabin sa'a kafin a ja zaren murafan. Wannan jiran ya zame mini lokacin da na fi so a aikin. Da rani a can asuba tana yi tun wajen ƙarfe uku, na yi salla na fito da sanyin safiya, ga tafkin lumui kamar tire, Baba yana zuba mini shayi daga fulas ɗinsa, ba mai magana.

Mako guda muke barin tarko, ba ma wucewa, domin abin da ya faɗa ciki yana ruɓewa, kuma ruɓewar tana rage nauyin da za a auna. Ɗaukowa ta fi sakawa wuya. Idan ka ja da sauri ko ka bari ya karkata, lakar ta tashi a cikin bututun ta fice. A hankali ake jawowa, da bakin ya fito a toshe, a jera su a tsaye cikin akwatin ƙanƙara. A wurin kuma nakan ɗebi ruwa a jarka, in soka wani bututu mai gani-gari a ƙasan tafkin in ciro laka yadda take a kwance, in yanke santimita ɗaya na sama in ajiye daban. Ta saman nan laushi gare ta kamar kindirmo, launin toka mai haske, ba ta da warin taɓon kududdufi. Yatsa biyu ƙasa da ita kuwa ta fara tauri, ta yi duhu.

A ɗakin gwaji aikin na haƙuri ne. A bar bututu ya kwana a firij, a zuƙe ruwan sama da siririn tiyo, a juye gwiɓar a ƙaramin kaskon da aka riga aka auna, a busar a tanda mai zafin digiri 105 har nauyin ya daina sauka. Ruwan jarka kuma a tace shi ta wata farar takarda ta zaren gilashi mai faɗin milimita 47, wadda ƙofofinta ba su kai maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Sikelin yana karanta har kashi ɗaya cikin goma na miligiram, numfashinka ma yana motsa shi. Na yi asarar awon mako biyu kafin in lura cewa takardar da ta fito daga tanda tana shan laimar ɗaki tana ƙara nauyi ina kallo. Dole ta huce a cikin tukunyar gilashi mai tsotse laima kafin ta hau sikeli. Bayan awo sai ƙonawa, digiri 550, awa huɗu. Abin da ya ƙone shi ne na rai, gansakuka da ragowar tsirrai da ƙwari. Abin da ya saura ƙasa ce da alli.

A nan ne lissafin ya tsaya mini a wuya. A makon da aka yi iska, lakar da ke gindin bututuna takan kai kaurin yatsa, wani lokacin ta fi. Alhali masu haƙa ƙasan tafkin sun nuna cewa duk lakar da ya tara a shekaru dubu goma sha wani abu kaurinta wajen mita 5 ne a matsakaici, wato bai kai milimita ɗaya a shekara ba. Yaya tarkona zai tara a mako abin da tafkin ba ya tarawa a shekara goma? Na kai wa malamina takardar ina zaton na yi kuskure. Ya duba ya ce, "Awonka daidai ne. Tambayar da tarkon ke amsawa ce ba ka gane ba tukuna."

Kwana biyu ina juya maganar. Ashe tarko ba ya sakin abin da ya kama, ƙasan tafki kuwa tana saki. Ƙwayar laka ɗaya za ta tashi ranar Litinin ta kwanta Talata, ta sake tashi Alhamis, haka har ƙarshen shekara. A ƙasa ƙwaya ɗaya ce tana kai da komo. A tarko kuwa kowane tashi sabuwar ƙwaya yake jefowa, ba mai fita. Kamar mai ƙirga mutanen da ke shiga ƙofar kasuwa ne bai ƙirga masu fita ba, da yamma ya ce mutanen garin sun ninka. Saboda haka abin da ke cikin bututu gauraye ne: akwai sabon abu da ya fara saukowa karon farko, akwai tsohuwar laka mai maimaita tafiya. Aikina duka shi ne raba su.

Hanyar da aka fi bi ta wani masani ce mai suna Gasith, tun 1975, kuma dabara ce irin ta mai gane nono da aka tsarma da ruwa. Sabon abin da ke yawo a ruwa yana da kaso mai yawa na abin rai. Tsohuwar lakar ƙasa ta riga ta ruɓe, nata kaɗan ne. Abin da ke cikin tarko zai faɗo a tsakani, kuma inda ya fi karkata shi ke nuna asalinsa. A ce, don misali kawai, na ruwa kashi 30 cikin ɗari ne ke ƙonewa, na ƙasa kashi 10, na tarko kashi 12. Tazarar 30 da 10 ashirin ce, tarko ya yi tafiyar 18 daga cikin ashirin ɗin zuwa ɓangaren ƙasa. Kashi 90 cikin ɗari na abin da ya kama tsohuwar laka ce ke nan. Ranar da na fara yin wannan lissafin da lambobina, na ga mafi yawan abin da nake ta busarwa da ƙonawa tsohon kaya ne, sai na ji kamar an buɗe mini taga.

Amma ba zan ɓoye ba, a Balaton hanyar tana ɗingishi, kuma ina ganin duk mai amfani da ita a irin wannan tafki ya kamata ya faɗi haka a fili. Dalili biyu. Ruwan da kake ɗeba a matsayin "sabo" shi ma akwai tsohuwar laka a cikinsa, domin tafkin ba ya taɓa tacewa sarai; dole ka jira kwanakin da suka fi kowanne natsuwa, su ma kusa-kusa ne kawai. Sannan ruwan Balaton cike yake da sinadarin alli. Idan gansakuka ta zuƙe iskar da take buƙata daga ruwa da rana, allin yakan fito ya zama ƙananan ƙwayoyi farare ya sauka. Wajen rabin lakar tafkin ko fiye irin wannan alli ne, shi ya ba ruwan launin madararsa. To ga sabon abu, yau aka haife shi, amma ba ya ƙonewa a digiri 550, sai lissafin Gasith ya sa shi a layin tsofaffi. Na ƙara ƙona samfurina a digiri 950 don in san yawan allin, hakan ya taimaka wajen gane girman matsalar, bai kawar da ita ba. A rubutuna na ba da sakamakon a matsayin tsakanin kaza da kaza, na ƙi ba da lamba ɗaya, ko da yake lamba ɗaya ta fi kyau a allo.

Abin da ya sauya aikin gaba ɗaya wata na'ura ce da aka ba ni aro a watan Yuni, tsawonta bai fi damtse ba. Tana haska ɗan haske cikin ruwa ta auna yawan wanda ƙwayoyin laka suka watso, ta rubuta duk minti goma, dare da rana. Ita ba giram take bayarwa ba, duhun ruwa take faɗi, sai na riƙa ɗibar ruwa a gefenta a yanayi daban-daban ina tacewa ina aunawa, har na sami layin da ke fassara lambarta zuwa miligiram a lita. Tana da ɗan burushi mai share idonta, duk da haka kowace fita sai na goge ta, domin gansakuka na mannewa, ga kuma ƙananan kumbar nan masu zane da suka shigo tafkin tun shekarun 1930, duk abin da ya daɗe a ruwa sai sun kama shi.

Sai a lokacin na ga ramin da ke cikin awona na baya. A gaɓar Balaton akwai fitilun gargaɗi daga farkon Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. Idan ana sa ran iska mai gudun kilomita 40 zuwa 60 a sa'a, suna ƙiftawa sau 45 a minti. Idan za ta wuce 60, sau 90. Da sun fara, Baba ba ya nisa da gaɓa, kuma gaskiyarsa, tafkin nan mai kama da tire yana kifar da jirgi cikin 'yan mintoci. Ma'anar wannan ita ce duk ruwan da na ɗebo da hannuna, na ranakun lafiya ne. Lokacin da lakar ke tashi da gaske ina ɗaki. Wanda ya dogara da ɗiban mako-mako zai rubuta labarin tafki mai hankali, alhali bai taɓa ganin sa a fusace ba. Na tabbata awo da yawa da ake yi a tafkuna marasa zurfi suna da wannan gurbin, ba don sakaci ba, don ba mai fita cikin hadari.

Wani dare a watan Yuli iska ta taso bayan isha'i, ina kwance ina jin tagar ɗakina tana bugawa, tunanina duk yana kan igiyar da na ɗaure na'urar da ita. Sai bayan kwana huɗu muka samu fita. Gorar sama ta tafi. Muka yi ta zagaye da ƙugiya muna jan ƙasa a inda na'urar nuna wuri ta ce, kusan awa biyu, har Baba ya ji ta kama. Ɗaya daga tarkuna ya kwanta a gefe, na zubar da nasa. Na'urar kuwa lafiya lau. A cikin jirgin na jona ta da kwamfuta, hannuna a jiƙe, Baba ya sunkuyo yana kallo.

Layin duhun ruwa a allon kwamfutar ya kwanta shiru har lokacin da iskar ta fara, sai ya miƙe tsaye kamar bango, cikin awa ɗaya zuwa biyu. Saukarsa ce ta fi burge ni, don mataki biyu ta yi. Da iska ta faɗi, ya sauko da sauri zuwa wani wuri, daga nan ya riƙa jan ƙafa kwana da kwanaki, bai ma koma inda ya taso ba wata iskar ta zo. Dokar Stokes, wato lissafin saurin da ƙwaya ke nutsewa a ruwa gwargwadon girmanta, ta bayyana wannan sarai. A ruwa mai ɗumin digiri 20, ƙwayar yashi mai kaurin maikiron 100 tana sauka mita 3 cikin minti biyar zuwa shida. Mai maikiron 10 sai ta yi wajen awa tara. Mai maikiron 2 kuwa kusan kwana goma, idan ba abin da ya taɓa ruwan, kuma a Balaton da wuya a yi kwana goma ba iska. Manyan ƙwayoyi su ne nauyin da tarko ke kamawa, ƙananan su ne ke hana rana shiga. Abu biyu ne daban, kuma da farko na ɗauke su ɗaya.

Da na jera bayanan iska na hukumar yanayi kusa da nawa, sai na ga ƙarfin iska kaɗai ba ya faɗin komai sai an haɗa da inda ta fito. Igiya tana buƙatar fili ta girma. Iskar arewa a kusa da gaɓar arewa ba ta samu tazara ba tukuna, kafin ta kai kudu ta ƙoshi. Shi ya sa gaɓar kudu yashi ce, mutum ya yi ta tafiya cikin ruwa bai kai ƙirji ba, ta arewa kuwa laka ce mai laushi da dogayen ciyayin ruwa. Shekaru dubbai iska tana bakace tafkin nan kamar mace da faifai, tsaki gefe, gari gefe. Kifaye masu kiwo a ƙasa su ma suna tona laka, tsutsotsin da ke zama cikinta suna sassauta ta, amma a layin na'urata muryar iska ta danne ta kowa.

Game da fosfaros, na shiga aikin da zaton iska ce mai laifi. Na fito da ra'ayi mai sassauci. Ƙwayoyin alli suna iya kama fosfaros daga ruwa kamar yadda suke iya sakin sa, ya danganta da wanda ya fi yawa a lokacin. Kuma a ƙarshen zafin 2019, bayan shekaru ana murnar tafkin ya warke, gansakuka ta yi yaɗuwar da ba a taɓa auna irinta ba a ɓangaren yamma. Masu binciken da suka bi diddigi sun danganta abin da kwanakin zafi marasa iska, lokacin da ruwan ƙasa ya rasa iskar oksijin, laka ta saki abin da ta riƙe. Wato shirun ma yana da nasa haɗarin. Iskar da ke dama ruwan ita ce kuma ke kai wa ƙasansa numfashi.

Na kan tuna Tafkin Chadi idan ina wanke bututan nan, shi ma faffaɗa ne marar zurfi, ga iskar hunturu tana bi ta kansa wata da watanni. Haka gefen madatsun ruwanmu idan rani ya ja ruwa baya. Bututun famfo da kankare da igiya ba su fi ƙarfin kowane sashen jami'a ba. Sikeli mai kyau da wutar da za ta riƙe tanda awa huɗu ba yankewa su ne abin nema. Wanda zai yi, ya sa tarko uku-uku, ya rubuta iskar kowace rana, kada kuma ya ɗauki abin da tarko ya tara a matsayin saurin cikewar madatsa.

Fitarmu ta ƙarshe a ƙarshen Oktoba ce, masu yawon shaƙatawa sun watse, an jawo yawancin jirage kan tudu. Ruwan ya yi sanyin da yatsuna suka ƙage kafin in kwance ƙullin farko. Muka ɗauko firam ɗin duka, kumba ta rufe ƙafafunsa, Baba ya kankare su da wuƙa ya mayar ruwa. Kwana uku ba iska, na zura faifan Secchi ya yi nisan da bai taɓa yi ba duk shekarar, har na rubuta lambar sau biyu. A bututan kuwa ɗan abin da ya kwanta bai rufe gindin ba. Na toshe su, na jera a akwati, na rubuta lambar tasha da kwanan wata a jikin kowanne. Muna juyowa gida tutar da ke bayan jirgin ta fara kaɗawa, Baba ya kalli tsaunukan arewa ya ƙara wuta.